Dennis Chavez: Yaron Kanti Da Ya Shekara 27 A Majalisar Dattawan Amurka

An haifi Dennis Chavez a shekarar 1888 a ƙauyen Los Chavez na yankin New Mexico, cikin iyali matalauta masu magana da Sifaniyanci. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta, ya zama yaron kanti mai kai kaya gidaje, da dare kuma ya duƙufa kan littattafai. Aikin tafinta da ya yi wa ɗan takarar sanata Andrieus Jones a zaɓen 1916 shi ya kai shi Washington, inda ya kammala karatun lauya a Jami'ar Georgetown a 1920, alhali bai taɓa gama sakandare ba.

Ya shiga Majalisar Wakilai a 1931. A 1935 aka naɗa shi sanata bayan Bronson Cutting, wanda ya kayar da shi da ƙyar a zaɓen 1934, ya mutu a hatsarin jirgin sama.

Babban yaƙinsa shi ne kafa hukumar dindindin da za ta hana a ƙi ɗaukar mutum aiki saboda launin fata, addini ko asali. A 1946 sanatocin kudu suka yi makonni suna jan muhawara da gangan har ƙudurin ya mutu. Sai a 1964 Dokar 'Yancin Jama'a ta haramta wannan wariya, shekara biyu bayan rasuwarsa.

A 1950, lokacin da yawancin 'yan majalisa ke shakkar Sanata Joseph McCarthy, Chavez ya fito fili ya soki yadda ake ɓata sunan mutane da zargin kwaminisanci ba hujja.

Ya rasu ranar 18 ga Nuwamba, 1962, yana kan kujerarsa.