Tarihin Magabata: Alhaji Umaru na Kete-Karachi, Ɗan Fatake Mai Ƙishirwar Ilmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 'Yan uwa mazauna Sabo, a wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani malami wanda shi ma zaman zango ya yi kamar mu, wato Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda mutanen ƙasar Gana suke kira Imam Imoru.

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Mahaifinsa bafatake ne mai bin hanyar Gwanja, inda Hausawa suke sayo goro tun kafin goron ƙasar Yarbawa ya cika kasuwanninmu. A Kano ya fara karatu, daga nan ya nufi ƙasar Kabi da Sakkwato. In ayari ya tashi ya bi shi, in an sauka a gari sai ya nemi inda malami yake. A 1877, yana da shekara ashirin ko ƙasa da haka, ya rubuta littafin Larabci mai koyar da yadda ake tsara wasiƙa. To, duk wanda ya san fatauci ya san darajar wasiƙa, domin da ita ake aiken kaya, da ita ake bin bashi.

A 1892 ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta wancan zamani. Cikin wannan shekara yaƙin basasa ya ɓarke a kan sarauta, gari ya watse, fatake suka tarwatse. Wani da sai ya tattara ya koma gida. Shi kuwa Malam Umaru sai ya bi jama'arsa zuwa Kete-Karachi a bakin kogin Bolta, ya sake shimfiɗa buzu, almajirai suka taru, daga baya ya zama limamin garin.

A lokacin Jamusawa ne ke mulkin wurin. Wani jami'insu mai suna Adam Mischlich ya riƙa zuwa wajensa neman sanin Hausa, shi kuma ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da al'adunsu cikin ajami. Wannan bai hana shi faɗin gaskiya ba, don kuwa ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara da yadda suka ci ƙasashe. Ya yi Waƙar Talauci da Wadata, ya yi wata a kan annobar murar 1918, har waƙar Imru'ul Ƙaisi ya mayar da ita Hausa domin almajirai su fahimta. Ya tafi aikin hajji wajen 1913, shekarunsa sun haura hamsin, ya dawo ya ci gaba da karantarwa har Allah ya karɓi ransa a 1934.

Abin lura a nan shi ne, babu gwamnatin da ta gina masa makaranta. Abin da ya riƙe shi a kan buzu kwaɗayi ne, kwaɗayin ya sani kuma ya sanar. Mu 'yan kasuwa mun san wannan hali sarai: wanda yake son ciniki ba a tashinsa da asuba, shi ke tashin kansa. Haka malami yake. In sha'awar ƙarin sani ta mutu a zuciyarsa, yara ne farkon masu ganewa.

Tsohon garin Kete-Karachi ruwa ya cinye shi bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, amma rubuce-rubucen Malam an tattara da yawa daga ciki a Jami'ar Gana da ke Legon, kuma almajiransa sun yaɗa karatunsa a zangunan ƙasar.

Sabo tamu an kafa ta a 1916, lokacin yana da rai. Shanu da goro ne suka kawo kakanninmu Ibadan, amma tare da allo da tawada suka zo. Saboda haka malamanmu na allo da na Islamiyya, kada ku daina ɗaukar karatu don kun fara bayarwa. Mu kuma iyaye, mu biya haƙƙin malami a kan lokaci, domin yunwa tana kashe himma, kuma kada mu cire yaro daga makaranta don tsaron shago tun bai ɗanɗani zaƙin karatu ba.

Allah ya jiƙan Malam Umaru, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.