Muhammadu al-Kashinawi: Bakatsinen da ya kai ilimin lissafi da taurari har Alƙahira

A ƙauyukan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, har yanzu akwai dattawan da ba sa rawar jiki su yi shuka da ruwan farko, sai sun tambayi malamin hisabi wane tauraro ake ciki. Lissafi ne na taurari 28, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimilla kwana 365.

Wannan ilimi ya daɗe a ƙasar Hausa. Cikin waɗanda suka yi suna a kansa akwai Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Masar a shekarar 1741.

Bafulatani ne daga Katsina, garin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ya yi karatu wajen malamai da dama, ciki har da Shehu Muhammadu al-Wali na Bagirmi da Shehu Muhammadu Bindu, wanda a gabansa ya ƙware a hisabi da sanin lokuta da ilimin hatimi.

Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin Hajji. Daga ƙasa mai tsarki ya zarce Alƙahira, inda ya sauka gidan Shehu Hasan al-Jabarti, babban malamin fiƙihun Hanafiyya kuma masanin falaki. Mai masauki ya zama ɗalibin baƙonsa a fannin hatimi.

A 1732 ya rubuta Bahjatul Afaƙ, littafin da ya sa masu tarihin lissafi ke ambatonsa har gobe. A ciki ya nuna yadda ake jera lambobi a hatimi mai gidaje mara, kamar uku-uku ko biyar-biyar. Misali, a zuba 1 zuwa 9 cikin gidaje tara, ta yadda duk layin da aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Ba sa'a ba ce, ƙa'ida ce da za a iya koya wa ɗalibi.

Sai dai ba a nan kaɗai ya tsaya ba. Ɗaya littafin nasa, Addurrul Manzum, wanda ya kammala a Alƙahira, ya ginu ne a kan wani littafi da ake jingina wa Fakhruddin ar-Razi, kuma yana magana a kan taurari da ɗalasimai. Nan ne ake jayayya.

Malaman Musulunci sun raba ilimin taurari gida biyu. Na farko shi ne lissafin tafiyar rana da wata don sanin lokutan salla, alƙibla da lokutan noma, wanda aka yarda da shi, wasu ma suka ce wajibi ne a samu masu shi a cikin al'umma. Na biyu shi ne duba, wato fakewa da taurari a yi da'awar sanin gaibu, wanda mafi yawan malamai suka haramta. Rubuce-rubucen al-Kashinawi sun taɓo ɓangarorin biyu, shi ya sa wasu ke kallonsa a matsayin gwanin lissafi, wasu kuma malamin asiri.

Haka zamanin yake ko a Turai. Johannes Kepler, wanda ya gano ƙa'idojin zagayen duniyoyi, shi ma yana yi wa manya duban taurari, kuma a 1633 Cocin Katolika ta gurfanar da Galileo saboda ya ce ƙasa ce ke zagaya rana.

Al-Kashinawi ya kuma yi rubutu a nahawu da manɗiƙi, fannin da ke koyar da yadda ake gina hujja. A wurinsa aiki da hankali da riƙo da addini tafiyarsu ɗaya.

Ya rasu a gidan al-Jabarti a 1154 Hijiriyya, ya bar masa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwarsa, shi ne ya adana labarinsa a shahararren littafinsa na tarihin Masar, Aja'ibul Asar. Kabarinsa na Alƙahira, nesa da Katsinar da ya fito. Allah Ya jiƙansa da rahama.