Tarihin Shehun Malami Godwin Obasi, Masanin Iska Da Ruwan Sama

Duk wanda ya zauna birnin Sakkwato da bazara ya san abin da ke damun mutane in watan Mayu ya kama. Zafi ya kai matuƙa, rumbu ya yi ƙasa, kowa ya zuba wa gabas ido. In hadari ya haɗu aka sami ruwa guda, sai manomi ya shiga wasuwasi, ko ya fid da irinsa ya shuka, ko kuwa ya dakata. In ya shuka ruwa ya ɗauke kwana ashirin, iri ya ƙone. In ya dakata kuma damina ta zarce, ya makara, ga shi damina a wannan ƙasa ba ta cika wuce wata huɗu ba, ruwan shekara duka bai fi kamar inci 25 ba. Tun zamanin da malamanmu sukan taimaki manoma da lissafin manzilolin taurari 28. Har Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Sakkwato cikin 1824, ya ba da labari ya tarar Sarkin Musulmi Bello ya san taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. To, yau za mu kawo muku tarihin wani ɗan Arewa wanda ya ƙare ransa kan wannan tambaya ta manomi, har ya shugabanci masu auna iska da ruwan sama na duniya duka shekara ashirin.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Godwin Olu Patrick Obasi ran 24 ga Disamba, 1933, a Ogori kusa da Okene, cikin Lardin Kabba na tsohuwar Jihar Arewa, inda yanzu ake kira Jihar Kogi. Ya yi Midil a Okene, sa'an nan aka kai shi Kwalejin Gwamnati ta Zariya, watau Barewa, zamaninsu ɗaya da Yakubu Gowon. Daga baya ya ƙetare zuwa Kanada, ya shiga Jami'ar McGill, ya sami digiri na lissafi da kimiyya cikin 1959. Bai komo gida ba sai da ya wuce Amurka, babbar makarantar fasaha da ake kira MIT, ya sami digiri na biyu cikin 1960, da na Dakta cikin 1963. Littafin da ya rubuta na neman Dakta shi aka ba lambar yabo ta Rossby, wadda makarantar kan ba wanda aikinsa ya fi na kowa a wannan fanni.

Ya kamata akawuna su lura da yadda aka yi littafin nan. Daga tsakiyar 1957 zuwa ƙarshen 1958 ƙasashen duniya sun haɗa kai don auna halin ƙasa da sararin sama. Tasha tasha akan saki balan-balan ɗauke da ma'auni, ma'aikaci ya rubuta ƙarfin iska da inda ta nufa. Waɗannan alƙaluma Obasi ya tattara, ya lissafta yadda manyan iskoki ke ɗaukar ƙarfi daga tsakiyar duniya zuwa ƙuryar kudu, ɓangaren da a lokacin masana ba su san shi sosai ba. Bai taɓa ganin galibin mutanen da suka rubuta alƙaluman ba, amma da sun yi ha'inci da aikinsa duka ya rushe.

Aikin Gwamnati

Da ya komo Nijeriya sai ya kama aiki a Ma'aikatar Duba Yanayi ta Gwamnati, ya shekara huɗu. Cikin 1967 aka ɗauke shi zuwa Jami'ar Nairobi ta ƙasar Kenya, inda ake horad da masu duba yanayi na ƙasashen Afirka. Can ya zama Shehun Malami, ya shugabanci sashen yanayi, ya kuma riƙe tsangayar kimiyya duka. Cikin 1976 ya dawo gida ya zama mai ba Gwamnatin Tarayya shawara kan bincike da horad da ma'aikata, amma bai daɗe ba, don cikin 1978 Hukumar Yanayi ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kira shi hedkwatarta a Janiba ya riƙe sashen ilmi da horo. Ran 1 ga Janairu, 1984, ya hau kujerar Babban Sakatare, shi ne kuwa mutumin Afirka na farko da ya hau ta. Sau biyar ƙasashe suna zaɓensa, bai sauka ba sai ƙarshen 2003.

Shekarun Fari

Ba a shekarar daɗi ya hau ba. Dattawan Sakkwato ba su manta da farin 1972 da 1973 ba, sa'ad da gero ya bushe a tsaye, shanu suka yi ta faɗuwa, mutanen Nijar suka kwararo kudu neman abinci. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga na 1983 da 1984, wanda a wurare da dama ya fi na farko ƙarancin ruwa. Tafkin Chadi ya janye har ya bar garuruwan masunta a tudu.

Don a gane aikin da ke gabansa, sai mu bayyana yadda damina ke zuwa mana. Iska biyu ke ja-in-ja a kan ƙasarmu. Ɗaya busasshiya ce daga Hamada, ita ce ta hunturu. Ɗayar kuwa mai laima ce daga teku, ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu akwai iyaka, wadda kan matso arewa da bazara, ta wuce Sakkwato, ta kai ƙarshen tafiyarta cikin Agusta, sa'an nan ta juya. Ruwa mai yawa yana bayan iyakar nan ta wajen kudu. Shi ya sa mutanen Ikko kan sami ruwa tun Maris, mu kuwa sai Yuni, kuma mu ne ake fara ɗauke wa. In iskar teku ta yi rauni shekara guda, mutanen bakin Hamada ke fara ji a jikinsu.

Da fari masana da yawa sun aza laifin fari kan sare itatuwa da yawan kiwo. Amma cikin 1986 waɗansu masana na Ingila suka nuna ruwan ƙasashen bakin Hamada yana bin ɗumin manyan tekuna da sanyinsu. Wannan kuwa babban abu ne, gama teku ba ta sauya hali da sauri, saboda haka wanda ya auna ta da bazara yana iya kintatar damina tun ba ta faɗi ba.

Abin Da Ya Bari

Ra'ayin Obasi shi ne ilmin nan ba shi da amfani ga Afirka muddin sai an aika Turai a tambayo. Tun 1974 akwai cibiyar Agrhymet a Yamai, wadda ƙasashen da fari ya shafa suka kafa da taimakon hukumar, don haɗa ilmin noma da na ruwa da na yanayi. A zamaninsa, cikin 1987, aka ƙulla kafa wata cibiya ta Afirka duka mai suna Acmad, ita ma aka zaunad da ita Yamai, maƙwabtanmu. Cikin 1998 aka yi taro na farko a Abijan inda masanan Afirka ta Yamma suka zauna tare kafin damina suka fid da kintacen shekara, abin ya zama al'ada. A Nijeriya kuma aka kafa hukumar NiMet cikin 2003, wadda kan sanad da lokacin da ake sa ran faɗuwar damina da ɗaukewarta jiha jiha. Kintace dai ba alkawari ba ne, sanin gaibu sai Allah, amma manomin da aka gaya wa damina za ta yi gajarta yana iya neman iri mai saurin nuna.

A wajen duniya kuwa, cikin 1988 shi da Dakta Mustafa Tolba, Bamisire mai shugabancin hukumar kula da muhalli, hukumominsu biyu suka kafa kwamitin masana na bincika sauyin yanayi, wanda ake kira IPCC. Rahoton kwamitin na farko ya fito cikin 1990, shi ya share fagen yarjejeniyar yanayi da aka sa wa hannu a Rio ta ƙasar Brazil cikin 1992. Obasi ya mutu a Abuja ran 3 ga Maris, 2007, yana da shekara 73. Watanni bakwai bayan mutuwarsa aka ba kwamitin nan kyautar Nobel ta zaman lafiya, bai gani ba.

Jan Hankali

Jama'a, musamman akawuna da malaman makaranta, ga abin dubawa. Ana kafa ma'aunin ruwan sama a filayen jirgin sama da gonakin gwaji da waɗansu makarantu, a ɗora wa wani ƙaramin ma'aikaci ya duba kowace safiya ya rubuta. Aiki ne wanda ba mai gode masa. Ran da ya makara, ba wanda zai sani in ya ƙaga lamba ya cika gurbi. Amma daga irin littattafan nan aka gane damina ta ragu a ƙasarmu bayan shekarun 1950, daga gare su ake gwada kintace a ga ko ya yi daidai. Lambar ƙarya guda tana iya komowa kan manomin Wurno ko na Gwadabawa bayan shekara talatin. Da yayyafi kogi kan cika. Malami kuma ya dubi ajinsa da kyau, kada ya raina yaron da ke son lissafi, gama daga Midil ta Okene aka fara. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.