Thomas Adeoye Lambo, likitan da ya mayar da masu taɓin hankali cikin jama'a

A watan Nuwamba na shekarar 1961, likitoci da masana daga ƙasashen Afirka da Turai da Amurka suka hallara a garin Abeokuta na Tarayyar Najeriya, suka yi mako guda suna tattaunawa kan ciwon taɓin hankali. Wannan shi ne taro na farko na likitocin ƙwaƙwalwa na nahiyar Afirka baki ɗaya. Wanda ya kira shi kuma ya shugabance shi likita ne ɗan shekara 38, Thomas Adeoye Lambo, ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a wannan fanni. Kafin ranar, magana kan hankalin baƙar fata a bakin likitocin mulkin mallaka take. Daga Abeokuta ne ƴan Afirka suka fara faɗin nasu ra'ayi a gaban takwarorinsu na duniya.

Daga Abeokuta zuwa Landan

An haifi Lambo ranar 29 ga watan Maris na 1923 a Abeokuta, cikin ƙasar Yarbawa. A nan ya yi sakandare a makarantar ƴan mishan na Baftis, sannan ya tafi Ingila ya karanta aikin likita a jami'ar Birmingham. Can ya yi aure da wata ƴar ƙasar, suka haifi ƴaƴa maza uku. Bayan ya dawo gida ya taɓa aiki, sai ya koma Landan a 1952 domin ƙwarewa kan cututtukan ƙwaƙwalwa a cibiyar da ke haɗe da asibitin Maudsley, wadda a lokacin take cikin manyan wuraren koyon wannan ilimi a duniya.

Abin da ya baro gida bai da daɗin faɗi. Gwamnatin Turawa tana da gidajen mahaukata a Yaba, kusa da Legas, da kuma Kalaba, amma wuraren tsarewa ne fiye da na magani. Wanda ya dami jama'a a kasuwa ko a titi shi ake kamawa a kulle, wasu ma a gidan kaso ake ajiye su tare da ƴan fursuna. Sauran marasa lafiya, waɗanda su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, suna hannun danginsu da masu maganin gargajiya, wasu cikin kulawa, wasu cikin mari da duka.

Abin da ke cikin littattafai ma bai fi haka ba. A 1953 hukumar lafiya ta duniya OMS ta buga wani littafi na J. C. Carothers, likitan da ya daɗe yana riƙe da asibitin Mathari na birnin Nairobi. Ra'ayinsa shi ne tunanin ɗan Afirka bai kai na Bature ba, har ya taɓa kwatanta shi da na Baturen da aka yi wa aiki aka yanke wani sashe na gaban ƙwaƙwalwarsa. Likitoci da dama na zamanin kuma sun ɗauka cewa baƙar fata ba ya kamuwa da ciwon baƙin ciki mai tsanani. Lambo bai yarda ba. A wata maƙala da ya buga a 1955 kan marasa lafiya Yarbawa, ya nuna cewa an gina waɗannan maganganu ne kan ƴan mutane kaɗan da ke kulle a gidajen mahaukata, kuma masu rubutun ba su san harshe ko al'adar waɗanda suke magana a kansu ba. A ganinsa ciwon ɗaya ne a ko'ina, al'ada ce kawai ke canza yadda yake bayyana. Mutumin da ya ce an yi masa sammu, a garin da kowa ya yarda akwai sammu, wannan furuci kaɗai bai isa a ce ya taɓu ba.

Ƙauyen Aro

A 1954 ya dawo, aka ba shi sabon asibitin ƙwaƙwalwa na Aro, a bayan garin Abeokuta. Ginin bai ƙare ba, ma'aikata kaɗan ne, kuma jama'a suna tsoron duk wani gida da hukuma ta gina wa mahaukata, domin sun saba ganin wanda ya shiga ba ya fitowa. Maimakon ya zauna jiran magina, sai Lambo ya je wajen dattawan ƙauyen da ke maƙwabtaka da asibitin, ya roƙe su su karɓi marasa lafiya haya a gidajensu. A watan Oktoba na wannan shekara aka fara.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ba a karɓar mara lafiya sai da ɗan rakiya daga danginsa, uwa ko ƴar'uwa ko goggo, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufafi, ta kwana kusa da shi. Da safe su tafi asibiti tare, a ba shi magani, a yi hira da shi, a sa shi aikin hannu, da yamma su koma masauki. Ma'aikatan jinya suna kwana cikin ƙauyen saboda abin da ka iya tasowa da dare. Mutanen ƙauye kuma sun ci moriya: kuɗin haya, bashi don ƙara ɗakuna, ruwan famfo, da aikin yi a asibiti. Ana zama lokaci zuwa lokaci tsakanin dattawa da ma'aikata a warware ƙorafi. Da abin ya karɓu, sai aka faɗaɗa shi zuwa ƙauyuka huɗu.

Hujjar Lambo ita ce, raba mutum da danginsa shekara da shekaru yana ƙara masa wani ciwon kan wanda ya zo da shi. Ya manta noma, ya manta ciniki, dangi su saba da rashinsa, ranar da aka sallame shi ya rasa inda zai sa kansa. A Aro kuwa mara lafiya yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci ko coci, yana gaisawa da maƙwabta. Ɗan rakiyar ma ɗalibi ne: yana ganin yadda ake shan magani, yana koyon alamun dawowar ciwo, idan sun koma gida shi ne idon likita. Ga kuma sauƙin kuɗi, abin da ƙasa mai ƙarancin likitoci da gadaje ba za ta raina ba. Lokacin ma ya dace, domin a farkon shekarun 1950 ne aka samu maganin chlorpromazine mai kwantar da masu fizge-fizge, wanda ya sa zama a waje da asibiti ya yiwu ga mutane da yawa.

Abin da ya fi jawo masa surutu shi ne jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Wasu abokan aikinsa sun ga kamar zubar da mutuncin likitanci ne. Shi kuwa ya lura cewa kusan duk wanda ya zo Aro ya riga ya bi ta wajensu, kuma zai koma bayan an sallame shi, ko likita ya so ko ya ƙi. Ya zaɓi waɗanda ya amince da su, ya bar musu fagen da suka fi shi sani, wato fassara mafarki, sasanta dangi da kwantar da hankalin mai jin an yi masa asiri, shi kuma ya riƙe gano ciwo da ba da magani. Bai yarda da duka ko ɗauri ba. A 1960 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi fim a kan wannan aiki, sunan Aro ya zagaya duniya.

Bincike da tarurruka

Lambo ya san cewa labari mai daɗi ba ya gamsar da masana, sai an kawo bincike. Ya haɗa kai da Alexander Leighton na jami'ar Cornell ta Amurka, wanda ya riga ya yi irin wannan aiki a wani yankin karkara na Kanada. A 1961 tawagarsu ta bi ƙauyukan Yarbawa da unguwannin Abeokuta tana yi wa mutane tambayoyi, sakamakon ya fito cikin littafi a 1963. Sun samu cewa damuwa da fargaba da baƙin ciki suna nan a ƙauyen Afirka kamar yadda suke a ƙauyen Kanada. Wannan ya karya maganar cewa baƙar fata ba ya sanin waɗannan cututtuka. Ya kuma yi nazari kan halin da ɗaliban Najeriya ke shiga a Ingila, inda kaɗaici da wariya da nauyin tsammanin dangi ke kayar da wasunsu.

Taron 1961 ya zo ne shekara guda bayan samun ƴancin Najeriya da Nijar da ƙasashe da dama. Likitocin ƙwaƙwalwa a nahiyar ƴan ƙalilan ne, kowa yana aiki shi kaɗai, mai Faransanci bai san abin da mai Ingilishi ke yi ba ko da iyaka ɗaya ta raba su. Cikin mahalarta akwai Tijani al-Mahi na Sudan, wanda ya riga Lambo ƙwarewa kuma shi ma yake aiki da malaman addini a ƙasarsa, da Aubrey Lewis, babban malamin Maudsley. Baƙin sun ga ƙauyen Aro da idonsu. Lambo ya tattara maƙalun da aka gabatar ya buga su, don wanda bai samu zuwa ba ya karanta.

Zaren bai tsinke ba. A Dakar, Henri Collomb, likitan Faransa da ke riƙe da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Fann, ya bi hanya mai kama da wannan: ɗan rakiya ga kowane mara lafiya, zaman tattaunawa na kowa da kowa a tsakar asibiti, da girmama masu maganin gargajiya. A 1965 suka fara buga mujallar Psychopathologie africaine, a 1968 kuma Dakar ta karɓi taro na biyu. Fann ta zama makarantar da likitocin ƙwaƙwalwa da yawa na ƙasashe masu amfani da Faransanci suka yi karatu, daga baya kuma aka buɗe ƙauyukan jinya a Sanagal.

A Aro, koyarwa ta tafi kafaɗa da kafaɗa da magani. An horar da ma'aikatan jinya na wannan fanni, domin Lambo ya san ba za a taɓa samun likita a kowane gari ba. A 1963 ya koma jami'ar Ibadan a matsayin farfesa, ya bar asibitin a hannun Tolani Asuni. Ya shugabanci tsangayar koyon likitanci, sannan daga 1968 zuwa 1971 ya riƙe jami'ar gaba ɗaya, a tsakiyar yaƙin basasar Najeriya, lokacin da malamai da ɗalibai ƴan gabashin ƙasar suka watse. A waɗannan shekaru Ibadan ta shiga cikin cibiyoyi 9 na wani babban binciken OMS kan ciwon shizofireniya. Da aka bi sawun marasa lafiyar, an ga na Najeriya da Indiya sun fi na ƙasashe masu arziki samun sauƙi. Har yau masana suna muhawara kan dalili, amma riƙon dangi na cikin abin da aka fi ambata.

Shekarun Jeneba

A 1971 OMS ta ɗauke shi zuwa hedkwatarta da ke Jeneba. A 1973 ya zama mataimakin babban darakta, mutum na biyu a hukumar, ya riƙe muƙamin har 1988 tare da Halfdan Mahler. Shekara 20 ke nan cif bayan wannan hukuma ta buga littafin Carothers. A zamaninsu ne aka yi taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ce a kai kiwon lafiya kusa da talaka ta hanyar ƙananan asibitoci da ma'aikatan unguwa, kuma a lokacin ne hukumar ta fara ɗaukar maganin gargajiya da muhimmanci. Wanda ya san Aro zai gane kamar da ke tsakani. Ya samu lambobin girmamawa da dama, ya kuma zama mamba a majalisar masana kimiyya ta fadar Fafaroma.

Aikinsa bai tsira daga suka ba. Ba a taɓa yin gwaji mai tsauri da ya kwatanta ƙauyen da asibiti ba, don haka da wuya a tantance iyakar nasararsa. Tsarin bai dace da wanda ba shi da dangi ba, ko wanda ciwonsa ya kai ga barazana ga rai. Da Abeokuta ta bunƙasa ta haɗiye ƙauyukan, haya ta yi tsada, zaman karkara ya canza, tsarin ya yi rauni, asibitin ya koma kwantar da mutane kamar sauran. Wasu kuma suna ganin an faɗi alherin masu maganin gargajiya, an rage faɗin cutarwar da wasunsu ke yi.

Bayan ya yi ritaya ya koma Legas, ya ci gaba da rubutu da tallafa wa bincike ta gidauniyar da ke ɗauke da sunansa. Ya rasu ranar 13 ga watan Maris na 2004, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 81.

Asibitin Aro na nan yana aiki, yana horar da likitoci da ma'aikatan jinya. Tambayoyin da Lambo ya tunkara kuwa ba baƙi ba ne ga mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, inda iyali kan fara kai mara lafiya wajen malam ko boka ko ƴan bori, asibiti ya zo daga baya, kuma ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ya yi nisa da yawancin garuruwa. Amsar da ya bayar tun 1954 ita ce a horar da ma'aikacin jinya na kusa, a riƙe dangi cikin aikin magani, a yi magana da masu maganin gargajiya maimakon a yi kamar babu su, sannan masu aikin su riƙa haɗuwa suna koya daga juna.