Maikal Farade, ɗan maƙerin da ya fiddo lantarki daga mayen ƙarfe

An haifi Maikal Farade a 1791 kusa da Landan, ƙasar Ingila. Mahaifinsa maƙeri ne matalauci, don haka bai yi nisa a makaranta ba. Yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya riƙa karanta abin da yake ɗinkawa. A 1813 masani Hamfuri Debi ya ɗauke shi mataimaki.

A 1831 ya gano cewa in mayen ƙarfe yana motsi cikin naɗin waya, lantarki yakan gudana. Da zarar ya tsaya, sai wutar ta ɗauke. Wannan motsi ne ke kunna fitilar dinamon keke a Magariya da Dungas, da shi kuma injunan madatsar Kainji ke aiki. Farade ya rasu a 1867.