Jacobus Arminius: Malamin da gardamarsa kan ƙaddara ta girgiza mulkin Holand

Ranar 13 ga Mayun 1619 aka fille kan Johan van Oldenbarnevelt, dattijo mai shekara 71 kuma jigon siyasar Holand, a birnin Hague. Cikin abubuwan da suka kai shi hannun hauni har da wata gardamar addini da wani malami ya mutu ya bari kusan shekara goma kafin nan.

Malamin shi ne Jacobus Arminius, wanda aka haifa a garin Oudewater wajen shekarar 1560. Ya tashi maraya, kuma a 1575 sojojin Sifaniya suka afka wa garinsu suka kashe mahaifiyarsa da 'yan uwansa. Ya yi karatu a Leiden, sannan a Geneva gaban Theodore Beza, magajin John Calvin. A 1588 ya zama fasto a Amsterdam, a 1603 kuma farfesan tauhidi a Jami'ar Leiden.

A nan suka saɓa da abokin aikinsa Franciscus Gomarus. Shi Gomarus yana kan koyarwar cewa tun fil azal Allah ya zaɓi waɗanda zai cece su ba tare da wani sharaɗi ba, bangaskiyar ma kyauta ce da yake ba zaɓaɓɓunsa. Arminius ya yarda cewa babu mai iya neman ceto sai da alherin Allah, amma ya ce Almasihu ya mutu ne domin kowa, mutum yana iya bijire wa alherin, kuma Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya. Tsoronsa shi ne kada a jingina wa Allah asalin zunubi. Tsoron Gomarus kuwa shi ne kada a mayar da ceto ladan ƙoƙarin ɗan Adam. Wanda ya san taƙaddamar Jabariyya da Ƙadariyya ba zai ji tambayar baƙuwa ba.

Arminius ya kare kansa gaban majalisar lardin Holand a 1608, ya mutu ranar 19 ga Oktoban 1609. A 1610 almajiransa suka miƙa wa hukuma takardar ƙorafi mai batutuwa biyar. Oldenbarnevelt ya ba su kariya, abokin hamayyarsa Yarima Maurice, shugaban askarawa, ya rungumi ɗaya ɓangaren. Daga nan batun ya koma na wa ke da iko da ikkilisiya da kuma soja. Maurice ya yi rinjaye. Taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya yi watsi da ra'ayin Arminius, aka tuɓe fastoci kimanin 200.

Hukuncin bai rufe maganar ba. John Wesley, wanda ya kafa tafiyar Methodist, ya ɗauki ra'ayin, har ya sa wa mujallarsa sunan Arminius a 1778. A Najeriya ma gadon ɓangarorin biyu yana nan: cocin Methodist a gefe guda, CRCN a Taraba da NKST a Binuwai, masu tushe a al'adar Dort, a ɗaya gefen.