TUNAWA DA MARIGAYI ALHAJI AUDU BAKO, ƊAN SANDAN DA YA TARE WA KANO RUWA

Kamar yadda muka saba, a wannan shafi mukan kawo tarihin wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya, domin yara su sani, manya su tuna. Wannan karo mun tsallaka Kano, mun ɗauko Alhaji Audu Bako. Ba ɗan ƙasarmu ba ne. Amma da wuya a sami gida a cikinmu wanda ba shi da wani da ya taɓa neman abinci a Kano, kuma duk wanda ya zauna can ya ji yadda tsofaffi ke ambaton wannan mutum, kamar suna maganar mahaifinsu ko kakansu.

An haife shi a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, gama mahaifinsa ɗan sanda ne da ya yi fiye da shekara 30 cikin kaki. Ya yi lakwal a Kaduna, ya wuce Midil ta Zariya. A 1942 ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin. Da aka ga yana da kai, sai aka sa shi koyar da sababbin shiga ilmin doka a makarantar 'yan sanda ta Kaduna. Ya yi ta samun girma har ya zama mataimakin kwamishina, aka ba shi duba 'yan doka na En'e, wato 'yan sandan sarakuna, a Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan aiki ya sa ya san fada, ya san talaka.

A watan Mayu na 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha 12. Yawancinsu ya ba sojoji, amma Kano ya ba ɗan sanda. Kanon wancan lokaci ta haɗa har da Haɗeja, Gumel, Kazaure da Dutse, waɗanda aka ware a 1991 aka yi Jihar Jigawa. Sarkin Kano na zamanin, Alhaji Ado Bayero, shi ma ya taɓa zama Wakilin Doka kafin ya hau gado a 1963. Ke nan tsofaffin ma'aikatan tsaro biyu ne suka riƙe garin, ɗaya a fada, ɗaya a gidan gwamnati. Audu Bako ya sami jiha sabuwa, ga kuma yaƙin basasa da ya ci ƙasar daga 1967 zuwa 1970. Duk da haka ya kafa ma'aikatu, ya gina ofisoshi, ya buɗe wa 'yan mata makarantu, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a kan ilmin mata. Shi ya yi gidan namun dajin nan na Kano da ake kira Gidan Zu.

Amma babban abin da ake tuna shi da shi ruwa ne. Ya lura cewa ƙasar Kano irin tamu ce: a yi ruwa wata uku ko huɗu, gulabe su cika su wuce, sauran shekara manomi ya zauna hannu sake, ko ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani. Sai ya ƙudura a tare ruwan damina a ajiye shi domin rani. A 1969 aka fara dam na Bagauda, abin da mu nan muke ce wa baraj, domin shayar da gonakin Kadawa. Daga 1971 zuwa 1974 aka gina na Tiga a kan kogin Kano, kudu da birnin, wanda ke iya riƙe ruwa kusan mita kubik miliyan dubu 2. Aka haƙa magudanai zuwa filayen Kura, Bunkure da Garun Malam. Wuraren da a da ba a girbi sai sau ɗaya suka koma noman alkama, shinkafa, tumatir da albasa cikin rani.

Dattawanmu sun san waɗannan shekaru. Su ne shekarun babban fari, na 1973 da 1974, lokacin da dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, mutanen arewa suka gangaro da 'ya'yansu, har abin ya zama cikin dalilan faɗuwar gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Cikin wannan yanayi ne ake aikin Tiga. Wanda ya ga yunwa da idonsa ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar mutumin da ya ajiye ruwa.

To, kowane ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Ranar 29 ga Yuli 1975 Murtala Muhammad ya karɓi mulki, aka sauke gwamnonin Gowon duka. Sabuwar gwamnati ta bincike su, ta wanke biyu kurum, na Legas da na Jihar Yamma, ta kama sauran 10 da laifi, Audu Bako yana cikinsu. Ya bar Kano ya koma ƙasar Sakkwato ya kama noma, har Allah ya karɓi ransa a 1980. Hukuncin gwamnati bai hana Kanawa sa sunansa a kan babbar sakatariyar jiha ba, da gidan namun dajin, da makarantar aikin gona ta Ɗambatta, da wani babban titi a birnin.

Akwai kuma magana ta biyu, wadda ta fi shafarmu. Ruwan da aka tare a Tiga, a da yana gangarawa ta Haɗeja da Nguru, ya malale fadamu, ya shiga kogin Komadugu wanda ya raba Nijeriya da jiharmu ta Difa. Bayan an gama dam ɗin malalar ta ragu. Masunta, makiyaya da manoman fadama na can ƙasa suka yi hasara, ba tare da an tambaye su ba.

Mu ba sai an ba mu labarin wannan ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo ta Madarunfa, ya wuce Jiratawa, Maraɗi da Tibiri. Shi ne ya ci tsohon gari a 1945, har aka hau tudu inda muke zaune yau. Da aka tare shi a Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, sai manoman fadama suka ga ruwan yana zuwa a makare, kuma ba kamar da ba. Lambunan Jiratawa da aka shirya a farkon shekarun 1980 da rijiyoyi da famfuna suke sha, ruwan ƙasa kuwa gulbi ne ke ciyar da shi. Saboda haka mun ɗanɗana ɓangaren biyu: mun ga amfanin noman rani, mun kuma san zafin zama a ƙarƙashin ruwan da wani ya tare.

'Yan uwa, abin da muke so a ɗauka daga rayuwar wannan dattijo ke nan. Ba kaki ko igiya a kafaɗa ne suka sa ake yi masa addu'a ba, aikin da ya bari ne wanda talaka ke ci. Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa cikin asusun ƙungiya, ya kamata idan an zauna rabonsu a sa maganar rijiya da tafki da lambu a gaba, kafin maganar biki. Kuma duk lokacin da za mu tare wani kwazazzabo ko mu haƙa tafki, a fara zama da mutanen ƙauyen da ke ƙasa da mu, da makiyayan da ke shayarwa a wurin, a ji ta bakinsu tun ba a ɗauki shebur ba.

Muna roƙon waɗanda suka iya karatu su karanta wa dattawa wannan shafi a majalisa. Allah ya jiƙan Alhaji Audu Bako, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.